Yaron da Aka Fitar Gindin Katanga

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, don tsoron kada in tayar da maganar da ta kwanta. Bana shekara goma ke nan da rasuwar wana, Mushe Alhusaini (Mushe muke ce wa malamin boko), wanda ya koyar a lakwal ta Agadas, wato makarantar boko. Allah ya ji ƙansa.

Ni ma a ajinsa na zauna. Yakan karanta mana wani dogon labari na Faransanci mai tarin mutane, mu kuwa mu rikice, har mu aurar da mace ga ƙanenta. Sai ya raba mana mutanen littafin, kowa ya riƙe ɗaya. Ƴan gida ɗaya su zauna tabarma ɗaya. In an yi aure, amarya ta koma tabarmar miji ana yi mata dariya, don dukanmu maza ne. Masu gaba su juya wa juna baya. Wanda ya mutu ya fita gindin katanga ya saurara ta taga. Ni aka ba matar matuƙin jirgin ruwa, mijina kuwa wani yaro Agali.

Ranar da aka kashe matuƙin, Yaya ya ce wa Agali, "Ka mutu, fita." Washegari uwarsa ta zo. "Mushe, da bakinka za ka kashe mini ɗa?" Ta cire shi daga lakwal. Daga baya ya bi ayari, labarinsa ya yanke, aka riƙa cewa bakin Yaya ne ya kama shi. Har cikin ciwon ajali Yaya na tambayata ko an ji ɗuriyarsa. Bayan rasuwarsa ma, duk ayarin da ya sauka sai na je na duba fuskoki.

Watan jiya wani ƙato ya sauko daga kamyon Damagaram, babbar motar kaya, ya kama hannuna. "Ba kai ne matata ba? Har yanzu takaba kake yi?" Agali ne, da ransa, har da tumbi. Nan tsaye ya lissafa mini surukansa da abokan gabansa na littafin, bai kuskure ko ɗaya ba. Da Yaya na nan, ban sani ba ko dariya zai yi ko kuka. Ni dai na wuce maƙabarta na yi masa addu'a, na dawo da zuciya sakayau.

Abu ɗaya Agali ya tambaye ni na kasa amsawa: wa ya kashe shi a littafin? Tun ranar da uwarsa ta zo, hankalina bai ƙara zama kan labarin ba. Don Allah, duk ɗan ajinmu da ya tuna, ko wanda ya riƙe mai kisan, ya aiko mini. Na yi wa Agali alkawarin amsa kafin kamyonsa ya dawo.