Takardar da ke Cikin Hular Kawu

Kawuna na Surko bai yarda da takarda ba, balle mai karanta ta. Ni kaɗai yake miƙa wa tasa, don ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ina koyar da Turanci a Birnin Kudu. Ina ji da wannan yardar fiye da takardun makarantata.

Shekarar da shanun mahaifin matata suka shiga geron Kawu, an yi musu sulhu, magatakarda ya rubuta yadda aka yi da Turanci. Kawu ya kawo mini takardar a cikin hularsa. A tsakiyarta akwai wata kalma, wrangle. Na san ta sarai, cacar baki ce mai tsawo da hayaniya. Ƙamus ma ya ce asalinta daga wani tsohon Jamusanci ne, inda take nufin kokawa. Na ji tsoro. In na ce an rubuta dattijo kamarsa yana cacar baki, zai iya rushe sulhun, kuma a gidana abin zai ƙare.

"An ce kun tattauna, Kawu," na ce.

Bakina ya kalla, ba takardar ba. "Har sai da aka riƙe mini riga, Malam, amma aka rubuta tattaunawa?"

"Turanci ke nan, akwai kara."

Ya ninke takardar ya mayar cikin hularsa. Bayan kwana biyu aka ce an gan shi a motar Gwaram, shi da ba shi da kowa a can sai wata jikarsa mai aikin jinya. Tun daga ranar, ko gaisuwa ya aiko sai na juya ta ina neman abin da ke ƙarƙashinta.

Sai da aka yi girbi ya zo. Ya sha ruwa, ya ce, "Yarinyar nan ta Gwaram ta duba a waya. Ashe kokawa ce asalin kalmar. Magatakarda ya kyauta, abin da aka yi ya rubuta."

Sulhun bai rushe ba. Kunya ta rufe ni, ga kuma gefen wata sabuwar takarda yana leƙowa daga hularsa. Na gyara zama, har na zaro tabarau. Ya tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, ya danna hularsa da kyau, ya ce zai yi sauri kada motar Gwaram ta tashi.