Batirin da Ya Cuci Bamalli

Duk wanda ya yi biki a Suleja cikin shekaru talatin ɗin nan ya taka rawar "Mairama". Ku tambayi masu rawar wa ya yi amshin, ba su sani ba, alhali kullum suna wuce shi a bakin layinmu yana ɗaurin kalangu. Sunansa Bamalli. Shagon ɗinkina na jingine da rumfarsa, shi ya sa na san abin da zan faɗa.

Bamalli ɗan amshi ne na marigayi Tankon Iku, shekara goma sha tara yana bayansa. Matar Bamalli, Mairama, ta rasu wajen haihuwar 'yarsu Mas'uda. Bayan sadakar arba'in aka gayyace su wasa Izom, ranar kasuwa. Tanko ya dubi yaron nasa, ya ga mutum ya rame kamar kara, sai ya ce wa makaɗa su sassauta. Nan take ya tsara waƙa da muryar ƙasa, a hankali, irin tafiyar masu ɗauke da makara. Bai ambaci mutuwa ko sau ɗaya ba. Kirkinta kawai ya yi ta lissafawa, da tuwonta, da yadda take tarbar baƙi. Ya ce nauyin kiɗan ya isa ya faɗi sauran. A amshi na uku Bamalli ya kasa, kuka ya kufce masa a gaban jama'a.

Wani direba ya ɗauki wasan da rikodarsa, batirin kuwa ya kusa mutuwa, kaset na juyawa da ƙyar. Da aka sa shi a rikoda mai lafiya sai komai ya zabura. Kiɗan ya koma na rawa, muryar Tanko ta haye sama, ta sirance. Kukan Bamalli kuma ya fito tamkar ƙyalƙyalar dariya. Haka aka yi ta kwafarsa, daga kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa waya. Tanko ya rasu bai sake rera ta ba.

Abin haushi, wajen dariyar nan aka fi so. In an zo gurin sai mata su ɗaga hannu su ƙyalƙyale tare. Aka riƙa kiran Bamalli biki don ya yi amshi a kan faifan, ya kuma yi "dariyar". In ya ƙi, a ce tsohon ya cika girman kai. In ya ce waƙar ba haka take ba, a ce tsufa ne, maƙogwaro ya kasa hawa shi ne yake kame-kame. Ni ma na taɓa faɗa masa haka, Allah ya yafe mini. Gaba kura, baya sayaki. Har Mas'uda ta girma tana rawar, tana alfahari an yi wa uwarta waƙar farin ciki, shi kuwa bakinsa ya yi nauyi.

Bara ne ya kai rediyonsa gyara wurin Sebastine, wanda ke koyar da mawaƙan cocinsu a Chaza in ya tashi daga shago. Waƙar na tashi a wayar wani, sai Sebastine ya karkata kai.

"Baba, this thing dey run. Ba mutum mai numfashi da sauri haka. An ɗaga muryan sama."

Shekara talatin, sai ga wanda ko Hausa bai gama iyawa ba ya ji abin da 'yan gari suka kasa ji.

Sebastine ya sa waƙar a kwamfuta yana rage gudun kaɗan-kaɗan. "Ya kai, Baba?"

"Ƙara sauke ta, ɗana."

Sau huɗu suna haka. Can muryar Tanko ta zauna daram inda take, Bamalli ya ce, "Tsaya. Ga Maigida nan." Da aka zo amshi na uku Sebastine ya cire hularsa. Ya zuba wa Bamalli waƙar a memori.

Wata biyu memorin na aljihunsa, a naɗe cikin takarda. Na ce ya kira Mas'uda ɗaki ya sa mata, su biyu. Ya ce a'a, a gaban jama'a aka ɓata waƙar, a gaban jama'a za a gyara ta. Taurin kan mawaƙa sai su.

Mas'uda ta haihu, mace, aka sa wa jaririya Mairama. Ranar suna da la'asar an cika tsakar gida, an kafa lasifika. Bamalli ya sa babbar rigar da na ɗinka masa, ya miƙa wa mai sa kiɗa a lasifikar memorin da hannu biyu.

Kiɗa ya taso a hankali. Matan da suka miƙe suka tsaya cirko-cirko, suna kallon juna. Wata ta ce, "Kai mai kiɗa, batirinka ya mutu ne?" Aka kwashe da dariya. Ina daga zaure ina lissafi a raina, saura baiti ɗaya a kai amshi na uku.

Mas'uda ta taso da jaririya a kafaɗa, tana murmushi, ta dafa hannun ubanta.

"Baba, wannan ya lalace. Bari a sa na asalin, yau ranar Inna ce."

Ya buɗe baki. Na ga leɓensa na motsi. Sai ya dubi fuskarta, ya dubi jaririyar, ya ce, "To, uwata."

Aka sa mai gudun. Fili ya ruɗe, aka danƙa wa Bamalli makirfo. Ya bi amshin yana haki, muryar na tsagewa. Da aka zo gurin, abin ya kufce masa kamar yadda ya kufce a Izom, kafaɗunsa na girgiza, hawaye na sauka kan aikin rigar.

Mata suka rangaɗa guɗa. Mas'uda ta ɗaga hannu tana dariya, ta juyo ta ce da ƙawayenta, "Kun ji Baba? Wallahi sak na kaset!"