Wasan da Ya Fara Daga Musabaha

Shekarar da aka ba mu jiha ina koyarwa a wata firamare a Argungu. Takarda ta zo daga Birnin Kebbi cewa malamai su rubuta wasan kwaikwayo kan tarihinmu, wanda ya fi kyau a nuna shi gaban manya.

Ni dai na riga na ɗauka nawa ne. Kakata ta raine ni da waƙar kakanta, wanda ya faɗi a bakin ganuwa lokacin da mutanenmu Kabawa suka yi wa Gwandu tawaye. Na zuba komai a takarda, kibau da rumbunan da aka ƙone da waƙar kanta.

Malamin lissafinmu, ɗan Birnin Kebbi, garin Sarkin Gwandu, wanda ko ƙayar kifi bai iya cirewa ba, shi ma ya rubuta. Nasa daga ranar sulhu ya fara, sarakuna biyu suna musabaha. Yaƙin shekara da shekaru layi ɗaya ya samu.

Hedimasta ya kira ni ofis. "Malama, yanzu jiha guda muke da su. In munka tada wanga zance gaban manya, ina amfani nai?"

Nasa aka ɗauka. Ina isa gida na cusa nawa a murhu.

Na bi shi da 'yan wasansa zuwa Birnin Kebbi don in ga ya kunyata, bai kunyata ba. Wasan ya yi kyau, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ana tafi, hannuwana suna kan cinya. Hassada ce, ba zan sa mata wani suna ba.

Daga nan duk shekara sai an maimaita shi a makaranta. Ina laɓewa bayan aji ina neman kuskure. Har 'yata aka saka a ciki.

Wata Juma'a Kaka tana tsintar shinkafa ta ɗauko waƙar. 'Yata ta ce, "Kaka, ba a yi hwaɗa ba. Ɗan saɓani na, anka shirya."

Kaka ba ta dubi yarinyar ba, ni ta duba. "Ba can kika koyarwa ba?"

Ba ta sake rera ta ba har ta rasu.

Bara na zauna in rubuta waƙar, baiti biyu kawai na tuna. Wasan malamin lissafi kuwa, yanzu in aka ce in kawo shi zan kawo, daga musabaha har ƙarshe.