Taku Arba'in a Bakin Tabki

Shekara bakwai ke nan da Allah ya karɓi ran yayana Mamman. Abin da ya bari ba shi da wuyar ƙirgawa: kwale-kwale biyu, raga uku, turken ƙirya guda, sai taku arba'in na ƙasa mai tauri a bakin tabkin da aka datse kan hanyar Korahane. Wurin ba nasa ba ne, ba kuma na kowa ba, amma shi ke kula da shi. Shi ne yau ake shirin taɓawa.

Wanda bai san tabkin ba zai ɗauka ko ta ina ana iya shiga. Kewayen duk laka ce mai riƙe ƙafa. Ni da idona na ga an jawo bajimi daga ciki da igiya, bai ƙara tashi ba. Wuri ɗaya tak ke da tsakuwa. Nan shanu ke sauka su sha, nan kuma ake tura jirgi.

Da aka zuba kifi a tabkin, Yaya ya kama sana'ar su, wato kamun kifi, sai rigima ta tashi da makiyaya. Shanu na taka raga, jirgi na firgita shanu. Yaya ya saro turke ya kafa a tsakiyar wurin: gabas na dabbobi, yamma na masu jirgi. Ruwan kuwa ja da baya yake yi tun daga kaka har bazara, don haka duk sati sai ya tuge turken ya bi ruwan da shi, a gaban Ardo, shugaban makiyayan wurin. Na taɓa ce masa, "Yaya, ka zuba masa siminti mana ka huta." Ya ce, "Sani, kai dai tahi ka saida tumakinka. Shi ruwan, wuri guda ka ga yake tsayawa?"

Bayan rasuwarsa ba wanda ya ɗauki aikin, har da ni. Na tuge turken na jefa a mangaza, ɗakinmu na ajiya. Masu lambu suka yi ta matsowa da shingen ƙaya, har ta kai masu jirgi na ɗaukar kwale-kwale a ka suna ratsa albasar mutane, ana zage-zage. Gyara kam ana bukatarsa, ba na musu.

Bana sai ga 'yan wani porje, irin ayyukan nan na raya karkara. Za su zuba gangaren siminti har cikin ruwa, su kewaye da waya, su sa ƙofa, don duk mai ƙaramin jirgi, masunci ko mai yawon shan iska, ya shiga ba wahala. Na san da Yaya na raye shi zai fara yi musu maraba. Na kuma san abin da zai fara tambaya: yaushe kuka yi awo? A tsakiyar damina suka yi, tabki na cike.

Ni dillalin dabbobi ne, na saba duba bayan maganar mai saye. Watanni kafin a ji labarin aikin, mutum biyu daga birni suka same ni a kasuwa, kowa da ranarsa. Ba su taya ko akuya ba. Tambayarsu ɗaya: gonakin bakin tabki na su wane ne? A lokacin ban gane ba, ashe sun riga mu jin labarin aikin.

Ranar da 'yan porjen suka kira taro na miƙe na ce wa jagoransu, "Ranka ya daɗe, mabuɗin ƙofar a hannun wa zai zauna?" Ya ce komite. Na ce, "Shanu fa?" Ya ce za a duba. Ardo, wanda yanzu sai da sanda yake tafiya, ya ja rigata ya ce, "Ƙanen Mamman, zauna. Saniya ba ta san komite ba. In ta ji ƙishi laka za ta faɗa."

Ban ce kowa ɓarawo ne ba. Amma na karɓi zanen aikin, na je wurin na auna da ƙafata. Cikin taku arba'in, waya ta ci talatin.

Kwale-kwalen Yaya ɗaya ya ruɓe, ɗaya mun bai wa wani masunci. Raga ukun ɓera ya gama da su. Turken kaɗai ya rage, ko gara ba ta taɓa shi ba. Makon jiya na fito da shi na kafa inda ya saba tsayawa, Ardo na kallo. Ya ce, "Kai za ka riƙa bin ruwan da shi?" Na ce ni ne, sai dai ranar kasuwa.

To ga lissafina. In aka yi aikin yadda aka zana, masu jirgi sun sami siminti na wata huɗu, daga nan ruwa ya janye ya bar shi a tudu, su koma ɗauka a ka. Shanu taku goma kaɗai ya rage musu, rani da damina. Mutum ɗaya ne na ga bai yi asarar komai ba, shi ne mai riƙe mabuɗi, kuma har yau ba a gaya mana sunansa ba.