Kellu da kunun Maryama

Kellu, kakar kakata, 'yar Mirriya ce. Aure ya kawo ta Zangon Damagaram lokacin da ake gina ganuwar Birni, kuma da mijinta Illa ya rasu ita ta ci gaba da saukar da fatake. Mace ce mai faɗa da dariya, kuma abin alfaharinta ɗaya ne: baƙo bai taɓa barin gidanta da yunwa ba.

Wata shekara ayarin Tarabulus ya bar mata wani Nasara ɗan Malta, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, ana kiransa Yakuba. Zazzaɓi ya kayar da shi. Zazzaɓin ya sauka, amma mutumin nan ya ƙi abinci. Kwana shida! Kellu ta yi lallashi, ta yi masifa, shi dai sai ramewa yake.

Wata safiya da sanyi ta same shi yana hawaye. Da guntuwar Hausarsa ya ce yau a garinsu ake bikin haihuwar Annabi Isa ɗan Maryama, wanda yanzu ake cewa Kirsimeti. Ya ce a Malta suna gina ɗan garke da jaki da saniya na yumɓu, don a garke aka haife shi. A Jamus kuwa ɗanyen itace ake sarowa a kafa cikin ɗaki.

"Haihuwa?" in ji Kellu. "To wa ya dama wa mai jego kunu?"

Ya ce babu kowa.

"Babu kowa? Kai, Nasara ba ku da kirki!"

Nan take gida ya ɗau zafi. Maƙwabciyarta Fanta ta hau daka, aka dama kunun kanwa, aka ɗora ƙauri mai yaji irin na masu jego. Saura itace. A wannan lokaci gawo ne ke da ganye shar, amma Sarki ya hana sare gawo, wanda ya taɓa shi a bakin ransa.

"Tunda itace ba ya zuwa ɗaki, ɗaki ya je wurin itace," in ji Kellu.

Ƙarti huɗu suka ɗauki Yakuba da gadonsa har gindin gawon bayan gari. Kellu ta ja jakinta, Fanta ta kora saniya, mata na biye suna rangaɗa guɗa, mutanen Zango sun fito suna tambayar wa ya haihu.

Yakuba ya dubi ganye, ya dubi jakin da ke neman cin tabarmarsa, sai ya fashe da dariya har da tari. Kellu ta tura masa ƙwarya.

"Maryama ba ta samu ba. Shanye mata."

Ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya ga gindin ƙwarya. Sannan ya miƙo ta, ya ce a ƙara.