Takardar Kawu da Na Buɗe a Ɗan Iya

Alhamis: Gombe zuwa Bauchi

Ƙarfe biyar da rabi na asuba maigidana ya sauke ni a tasha, gari bai gama wayewa ba, ga yayyafi. Kayana jaka ɗaya ce, sai wani kwali da na rungume a ƙirji, cikinsa ninke-ninken takarda guda huɗu da nake ji da su. Ni malamar lissafi ce a wata makarantar 'yan mata a Gombe, amma da an tashi, abin da ke cin lokacina shi ne ninkin takarda, wanda a intanet ake kira origami. Ba irin kwale-kwalen da yara ke yi ba. Falle ɗaya ake ɗauka, ba almakashi ba gam, a yi ta ninkewa ana murɗawa har zane ya fito yana maimaita kansa kamar saƙar tabarma.

Kawu Sule, yayan mahaifiyata, shi ya koya mini tun ina 'yar firamare. Zanen taswira ya yi a ofishin safiyo har ya yi ritaya, yana zaune a unguwar Ɗan Iya a Bauchi. Akwai wani zane da ya ƙirƙiro da kansa ya sa masa suna Gidan Rina. Guda ɗaya tal ya ninke, bai taɓa zana yadda ake yinsa ba. Shekara bakwai yana aiko mini da saƙo in zo mu fitar da zanen a rubuce, ni kuma kullum da uzurina: yau jarrabawa, gobe goyo, jibi sai an yi hutu. Ina wannan jan ƙafa idonsa ya tafi gaba ɗaya. Abin da ya fito da ni ke nan, in kwafe Gidan Rina tun mai shi yana raye.

Bas ɗin ba ta cika ba sai shida da minti ashirin. Kuɗin mota dubu biyar, na samu kujerar bayan direba. Kwandasta ya dage sai an sa kwalina a but tare da buhunan masara, na ce masa sai dai a sa ni a but ɗin ni ma. Direban, wani dattijo mai furfura a gemu, ya waiwayo ya tambaya ko takardun gado ne. Na ce kusan haka, ya ce to a ƙyale Hajiya.

Tafiyar kilomita ɗari da hamsin ce da 'yan kai. Mun wuce Bara bakwai da kwata, ruwa na zuba. A shingen bincike na biyu wani jami'i ya ce in buɗe kwalin. Na ɗaga masa ɗaya a hasken taga, taurari suka fito reras. Ya juya ta gaba da baya yana neman inda aka manna, bai gani ba, ya miƙo mini ya ce Allah ya ƙara basira. Kaina ya ƙara girma, kuma girman kan nan shi ya kai ni ya baro daga baya. A Alkaleri muka tsaya minti goma na sha kunun gyaɗa, a Dindima mata suka yi ta turo farantan soyayyen kifi ta taga, na ƙi saye don kada maiƙo ya kusanci kwalina. Tara da minti arba'in muka shiga Bauchi.

Wunti da Gwallaga

Ban wuce gidan Kawu kai tsaye ba. Na hau keke a ɗari uku zuwa Wunti neman takardar kwafen taswira, mai shara-shara ɗin nan, don ita Kawu ke aiki da ita. Shago uku na shiga, sai a na huɗu mai shagon ya zaro wani naɗi daga saman kanta yana kaɗe masa yana, ya ce rabon da a tambaye shi ita har ya manta. Ya kwatanta mini wani mai buga katin biki a Gwallaga da ke da injin yanka.

Mai injin mutum ne mai son hira. Na ce ya yanka mini daidai wa daida, ko kaurin gashi kada wani gefe ya fi wani. Ya dube ni ya ce amarya ma ba ta taɓa yi masa wannan ƙa'ida a kan katinta ba. Ya yanka falle goma sha biyu, ya ƙi karɓar ko kwabo, wai ladan ganin abin da bai taɓa gani ba. A bakin layinsu na sayi masa mai zafi da yajin ƙuli na tsarabar gida, na sake hawa keke. Sha ɗaya da rabi na yi sallama a Ɗan Iya.

Gidan Kawu

Inna Hansatu, matar Kawu, ita ta tare ni, tana cewa yau wace rana, 'yan Gombe sun tuna hanya. Kawu yana zaune a kujerarsa ta baranda, ya rame, fuskarsa na bin murya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Ya ce, "Uwata, ke ce? Matso in ji hannunki." Ya shafa yatsuna ya ce ai kuwa ba ki daina ba, ga kanta nan a babban yatsa.

Na miƙa masa ayyukana ɗaya bayan ɗaya, yana bi da yatsa. A na uku ya tsaya ya ce a nan na yi gaggawa, layin ya kauce. Wallahi ni da idona biyu ban taɓa lura ba.

Bayan la'asar Inna ta ɗauko wani tsohon gwangwanin biskit ta ɗora masa a cinya, ba tare da ya tambaya ba. Ta raɗa mini cewa haka suke yi kullum, tun da ya daina ganin karatu wannan ne abin da ya rage masa daga la'asar zuwa magariba. Ya fito da Gidan Rina. Faɗinsa bai wuce faifai ba, takardar ta yi ruwan ƙasa don tsufa. Na ɗaga a haske, sai ga ɗakuna masu kusurwa shida, cikin kowanne da wani ƙarami a murɗe, bayan kuma wani zane ne daban. Na daɗe ina kallo ban gane ta ina aka shiga ba. Na ce mu fara yanzu. Ya ce in huta, gobe in ya dawo masallacin Juma'a mu zauna a tsanake. Da daddare aka ci tuwon shinkafa da miyar taushe, na kwana a ɗakin baƙi.

Juma'a

An kwana ana ruwa, komai na gidan ya yi sanyi, har tabarma. Sha biyu da rabi wani maƙwabci ya zo ya riƙe hannun Kawu suka tafi masallaci, Inna na kicin. Gwangwanin yana kan tebur a falo.

Mu masu ninki muna da wata ɗabi'a: in muka ga aikin wani ya burge mu, buɗe shi muke yi. Layukan da ninki ya bari a jikin takarda su ne rubutun, wanda ya tashi sama mu ce tudu, wanda ya lotsa mu ce kwari. Kawu da kansa ya koya mini haka, ko ambulan aka kawo masa sai ya warware ta ya ga yadda aka yi. Na buɗe ayyuka sun fi a ƙirga na mayar da su. Sai zuciyata ta ce, me zai hana kafin ya dawo in gama zanen, in ɗora masa a hannu ya ji daɗi? Kuma in faɗi gaskiya, so nake in kama motar safe ranar Asabar. Na san bai ba ni izini ba. Ban tambaye shi ba ne don na san abin da zai ce.

Ƙa'ida ita ce kafin a buɗe a bi kowane tudu da jan biro, kowane kwari da shuɗi. Na ce haba, in ɓata takardar Kawu da tawada? Na ɗauki hoton gaba da baya, na fara ja daga gefe a hankali. Ɗakunan suka yi ta warwarewa ɗaya bayan ɗaya, cikin minti biyar abin da ya shekara talatin a ninke ya zama falle. Da na tsaya a nan, wataƙila da an tsira. Amma da na zo ɗaukar hoton layukan ya ƙi fita sosai, sai na shafe takardar da tafin hannu, na ciro gilashin teburin na danne ta da shi.

Abin da na manta, ni da ake kira malama, shi ne raga. Kafin a fara irin wannan aiki sai an ninke takardar gaba ɗaya ta fuska uku, kowane layi gaba da baya, har ta cika da ƙananan kusurwoyi. Daga cikin ɗaruruwan layukan nan ake zaɓen waɗanda za su yi zanen. Sabuwar takarda tana riƙe bambancin. Wannan kuwa tsohuwa ce, ta sha damina ta yi laushi. Da na ɗaga gilashin, duk layukan sun kwanta sun zama iri ɗaya, ba tudu ba kwari.

Na duba hotuna, hoto kuwa fuska kawai yake nunawa, ba ya nuna abin da ke ɓoye a cikin ninki. Na gwada tattaro tsakiyar, ta ƙi. Na sake, sai na ji wani ɗan ƙas, ta tsage a mahaɗar layuka. Na janye hannuna. Haka na zauna ina kallonta har na ji sallamarsu a ƙofa.

Na kasa cin abincin rana. Ana idar da la'asar Inna ta nufi tebur, na riga ta, na durƙusa gaban Kawu na ɗora masa fallen a cinya.

"Kawu, na yi maka ɓarna. Na buɗe shi, ya ƙi komawa."

Ya shimfiɗa yatsunsa goma a kai, ya bi ta gefe zuwa gefe, ya sami tsagar ya tsaya a kanta. Ya ɗan tsunkulo tsakiyar ya murɗa, ɗaki ɗaya ya tashi, ya nemi na biyu ya rasa. Ya yi ta lalube kusan rabin sa'a, ni ina durƙushe, Inna na tsaye riƙe da gwangwani. Can ya saki.

"Hannuna a ninke ya san shi, Uwata. Bai san shi a buɗe ba."

Sannan ya gaya mini abin da ban taɓa sani ba. Ashe shi ma dace ya yi, wata rana yana wasa da takarda zanen ya fito. Ya gwada yin na biyu ya fi sau ashirin bai samu ba, shi ya sa bai taɓa yarda ya buɗe wannan ba. Dabarar da ya tanada ta mutum biyu ce: shi ya danne sauran da yatsu, ni in buɗe ɗaki ɗaya in zana, mu mayar, mu matsa na gaba. Ya ce aikin kwana uku ne ko huɗu. Abin da yake kirana a kai ke nan duk shekarun nan, ni kuma na zo masa da shirin kwana biyu, a cikinsu ma na kasa jiran sa'a biyu.

Na fashe da kuka. Inna ta ce in tashi haka nan, takarda ce, ba rai ba. Kawu ya ce mata a'a, ta bar ni, na san abin da nake wa kuka. Bai yi mini faɗa ba ko kalma ɗaya, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Har aka kira magariba hannunsa na kan cinyarsa ba abin da yake taɓawa.

Asabar: komawa

Na ce zan ƙara kwana mu gwada da sabbin fallayen da na yanko. Ya ce in koma wa yarana, abin da ya gagare shi da ido ba zai yiwu a lalube ba. Na ajiye masa ayyukana huɗu, ya karɓa ya yi godiya, ya miƙa wa Inna ta adana. Ya sa aka saka fallensa tsakanin kwali biyu aka ɗaure da zare, ya ce in tafi da shi, ni ce mai ido. Na ce zan mayar masa da shi yadda yake in sha Allahu. Ya ce Allah ya sa, da irin muryar da ake amsa wa yaro.

Tara da kwata keke ya kai ni tasha, goma saura muka tashi. Wata mata a gefena ta yi ta jana da hira a kan tsadar taki, ina amsa mata da to. A shingen Alkaleri aka tambayi abin da ke cikin kwalin, na ce takarda ce, ba a ko nemi in buɗe ba. Ɗaya saura minti goma muka shiga Gombe, maigidana na jirana. Ya tambaya an dace, na ce mu je gida tukuna.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa direbobi, da mai injin Gwallaga, da Inna Hansatu da ta haɗo ni da dakakken yaji duk da abin da na yi mata a gida. Kawu kuwa ban san da wane baki zan gode masa ba.

Da yamma na buga waya in ce na sauka. Inna ta ɗauka. Na tambaya ko ya taɓa ayyukan da na bar masa, ta ce ta kai masa bayan la'asar, ya shafa ɗaya ya ce sun yi kyau, a mayar. Na ce gwangwanin fa? Ta ce ya sa ta ba wa maƙwabciyarsu mai ɗinki, ta riƙa zuba allurai da maɓallai.