A Ba Inna Ruwa

Ranar Laraba, tara ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata a gadon asibiti, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Shi Ya ba mu ita, Shi kuma Ya karɓi abinSa, ba mu da ta cewa sai godiya. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ce babba, ni ne ƙarami, kuma tun da na buɗe ido ban taɓa kiran ta da wani suna ba sai Yaya.

Yaya, mutane sun yi ta tambayata abin da ya hana ni rubuta miki ta'aziyya tun tuni. Ba rashin abin faɗi ba ne, kunya ce. Amana ɗaya tak kika bar mana, tukunyar ɗoɗɗoyar nan da kike kira Inna, mu kuwa muka taru, dangi da maƙwabta, muka kusa tura ta inda kika tafi. Da wane ido zan zauna ina yabon ki alhali amanarki tana mutuwa a hannuna? Sai yau da safe na sami bakin magana. Amma bari in fara gaya wa waɗanda ba su san ki ba ko ke wace ce, don su gane abin da ya sa ƙaton mutum kamata yake hawa bene da gudu saboda ganye.

Mu 'ya'yan mahauta ne. Da fawa babanmu ya ciyar da mu, ni ma har yau ina kan teburina a kasuwa. Saboda haka ranar da likita ya ce miki hawan jini ya kama ki, ki rage nama da maiƙo, jaje na zo yi miki. Na shigo da fuskar tausayi, sai na tarar da ke a ɗakin girki kin baje kabewa da alayyafo da wake kala-kala, idonki sai walƙiya yake yi.

"Ƙanena," kika ce, "ashe duniya cike take da abinci, mu muka zauna muna tauna abu ɗaya!"

Na ɗauka zumuɗin mako guda ne. Ina! Kafin shekara ta zagayo barandar benenku ta cika da tsirrai, har mijinki, bawan Allah mai haƙuri, ya rasa inda zai ajiye kujerarsa. Na'a-na'a a nan, citta a can, tumatir ya kama ƙarfen baranda yana leƙen titi. Duk gwangwanin madarar da aka yar a layinku sai kin tsince shi, kin wanke, kin huda gindinsa, kin zana masa furanni da fenti. Ba ki bar ɓawon albasa ya tafi bola ba, tafasa shi kike yi ki rina ƙyalle. Wata rana na manta farar hulata a gidanki, da na dawo ɗauka na same ta ta koma ruwan shayi. Na yi ta faɗa, kina ta dariya. Haushin da ya fi ci na shi ne, da na sa ta na shiga kasuwa, kowa sai ya tambaye ni inda na saya.

Ba zan manta ranar da kika ci mutuncin sana'ata ba. Kika gasa yalo a kan garwashi, kika haɗa shi da citta da barkono da wasu ganyayyakinki, kika zuba mini a kan shinkafa. Na cinye, na nemi ƙari, sannan na ɓata rai na ce, "Yaya, wa ya sayar miki da ƙoda ina raye?" Kin yi dariya har sai da kika dafa bango. Shekara da shekaru kina ba da labarin nan a gaban baƙi.

Ƙofarki ba ta rufuwa. Mai mura ya zo ki dafa masa citta da lemun tsami, mai kumburin ciki ki tsinko masa na'a-na'a, wadda kewa ta dama ki zaunar da ita ki ba ta fenti da gwangwani ku yi ta hira. Amma kin san iyakar ganyenki, kuma ba ki taɓa jin nauyin faɗi ba. Telan da ke ƙasan benenku ya zo miki da tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kika hana shi ko ganye ɗaya, kika yafa mayafi kika tasa shi a gaba har asibiti. Ke kanki ba ki taɓa tsallake ƙwayar likitanki ba. Telan nan shi ya fi kowa kuka a ranar da kika rasu.

Sai dai kina da wata ɗabi'a da ta sha rikita baƙi. Ba ki kiran tsiro da sunansa, da sunan wanda ya kawo miki shi kike kiran sa. A gidanki ne mutum zai ji ana cewa, "Tela ya yi tsawo da yawa, a rage masa kai," ko "Malamar makaranta ta kamu da ƙwari." Akwai baƙuwar da ta ji kin ce mai gadi ya bushe tun jiya, ta saki salati ta fara tambayar 'ya'ya nawa ya bari.

A cikinsu duka babu kamar Inna. Ɗoɗɗoya ce da mahaifiyarmu ta shuka a gindin randarta, da ita take sa wa miya ƙamshi, har hannunta ma ƙamshinta yake yi. Bayan rasuwarta aka rushe gidan da muka tashi a ciki don faɗaɗa hanya. Kowa ya ɗauki abin da zai ɗauka, ni na ɗauki wuƙaƙen Baba, ke kuwa reshe ɗaya kika karyo kika naɗe a bakin zanenki. Shi ne ya zama Inna. Duk abin da ya rage mai rai daga gidanmu yana cikin tukunyar nan, kuma ba ki yarda kowa ya ba ta ruwa sai ke.

A ranar ƙarshe muna zagaye da gadonki, ni da mijinki da 'yarki Auta. Can sai kika buɗe ido kika ce a hankali, "A ba Inna ruwa." Ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni a asirce ko Innar tana raye. Da na ce ta daɗe da rasuwa, sai ta sunkuyar da kai ta ce mu yi haƙuri, mara lafiya kan kira waɗanda suka riga shi gidan gaskiya. Auta ta fashe da dariya hawaye na zuba, ta ce, "Baiwar Allah, ganye take nufi." Bayan wannan ba ki ƙara cewa komai ba sai kalmar shahada.

Yanzu na gane abin da kike nufi. Kin kwana biyu ba kya gida, kin san ƙasar tukunyar ta bushe, kina so wani ya je ya zuba mata kofi ɗaya a ranar. Mu kuwa muka ɗauke ta wasiyya. Mijinki ya riƙa hawa da butarsa bayan kowace salla. Auta safe da yamma. Ni da ba na yin abu kaɗan, da bokiti nake hawa. Duk wanda ya zo gaisuwa aka ba shi labarin maganarki ta ƙarshe, sai ya share hawaye ya ce, "Ina Innar take?" ya karɓi kofi ya hau. Babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa ko an riga an ba ta, kowa yana sauke nauyin da ke wuyansa. Da ganyen ya fara yin rawaya yana zubewa, sai muka taru muka yanke hukunci cewa ƙishi ne da kewarki. Muka ƙara ruwa.

Ina kasuwa Auta ta kira ni a waya.

"Kawu, ka zo. Inna wari take yi."

Da na ɗaga tukunyar, ruwa ne ya yi ta tsiyaya a kan takalmina. Warin kuwa ba baƙona ba ne, duk mahauci ya san warin ruɓa. Muka juye ƙasar a kan buhu, saiwar ta fito baƙa ƙirin, ta yi laushi, tana narkewa a hannu. Auta ta zauna daɓas a ƙasa ta yi kukan da ko ranar rasuwarki ba ta yi ba.

"Abu ɗaya ta roƙe mu, Kawu. Abu ɗaya!"

Mijinki yana tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu, ya rasa inda zai ɓoye ta. A nan ne Auta ta tuna cewa kullum sai kin tura yatsa cikin ƙasar kafin ki ɗauki kofi, wata rana ki zuba, wata rana ki wuce. Duk mun sha ganin haka. Ni a zatona gaisawa kuke yi.

Yaya, ban san ganye ba, amma na san inda ruɓa yake tsayawa. Na bi karan da yatsa daga ƙasa zuwa sama, ina latsawa. Laushi, laushi, baƙi, har zuciyata ta fara karaya. Can kusa da ƙoli sai na ji wani ɗan reshe da ƙarfinsa, kore shar, bai fi tsawon yatsana ba. Na zaro wuƙa na yi bisimilla na yanke. Na duba bakin yankan, fari tas, babu ɗigon baƙi. Auta ta ce ta sha ganin kina sa irin wannan reshen a kofin gilashi da ruwa a tagar ɗakin girki har ya yi saiwa.

"Ruwa kuma?" in ji mijinki. "Ba shi ya kawo mu nan ba?"

Haka muka sa shi. Daga ranar na zama mai gadin kofi. Kullum kafin in tafi kasuwa sai na biyo, in ɗaga shi in duba a hasken taga. Babu komai. Ganyen ƙasa ya yanƙwane ya faɗi, na kusa da shi ma ya bi shi. Abokan sana'ata suka sa ni a gaba da tsiya, wai mahauci ya koma jinyar ciyawa. Ban kula su ba. Abin da ke cin raina shi ne, in wannan reshen ya tafi, to gidanmu ya gama rushewa, kuma da hannunmu muka ƙarasa shi.

Yau da safe ina cikin auna wa wata mata nama, wayar Auta ta shigo. Ihu kawai nake ji, ban gane ko kalma ɗaya ba. Na ce shi ke nan, wani ya sake tafiya. Na bar naman a kan sikeli, na bar matar da baki buɗe, na kama hanya. Yadda na hau benen nan da wannan tumbin nawa, Allah kaɗai Ya sani. Na tarar da Auta tana tsalle a tsakiyar ɗakin girki kamar ƙaramar yarinya, mijinki ya riƙe kofin da hannu biyu, gemunsa ya jiƙe da hawaye.

"Kawu, duba! Duba gindinta!"

Yaya, saiwa! Farare, sirara kamar zaren ɗinki, sun fito daga daidai inda wuƙata ta bi, sun miƙe cikin ruwan. A ƙoli kuma ga wani sabon ganye ɗan mitsitsi yana buɗewa. Na yi kabbara har sai da tela ya bar kekensa ya hauro da almakashi a hannu. Na shafi ganyen na kai hanci, ƙamshin nan ya buge ni, sai ga ni ina dariya ina kuka lokaci guda, ban san wanne ya fi yawa ba. Kin ce a ba Inna ruwa. Mun ba ta har mun kusa kashe ta, amma yau dai, Yaya, ta sha.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya sanyaya shi. Duk cikin da kika ciyar, da duk mara lafiyar da kika raka asibiti, da duk mai kewar da kika zaunar kika sa dariya, Allah Ya sa ki tarar da su a mizaninki. Ya haɗa ki da Inna da Baba a Aljanna, Ya ba ki lambun da ya fi barandarki faɗi. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, wanda ya yi zaman amana da ke, da Auta da 'yan'uwanta, da tela da sauran maƙwabta, da duk wanda ya taɓa shan shayi a hannunki. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ga masu zuwa gaisuwa kuma, ƙofa a buɗe take, muna murna da ku. Ku zo mata da addu'a iya yawan da kuke so, ita ba ta yi wa kowa yawa. Amma don girman Allah, kowa ya bar kofinsa a ƙasa.